Rana ta kowa ce, amma sola har yanzu ta mai kuɗi ce

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe fiye da mako guda babu wutar lantarki, na ga wani abu da har yau bai bar zuciyata ba. A layinmu a Kano akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta ya rasu, da firiza guda ɗaya take riƙe da gida: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya. Kwana biyu da ɗaukewar wuta kayan suka yi tsami, ta zubar. A kwana na huɗu ta wanke firizar, ta bar murfin a buɗe don kada ta yi wari, ta fito zaure ta zauna. Gida uku ne tsakaninta da wani bene mai farantan sola jere a kan rufi. Can fanka na juyawa, fitila na ci har gari ya waye, yara sun yi layi a ƙofa da wayoyin iyayensu a leda suna jiran a sa musu caji. Mai gidan mutumin kirki ne, har waya ya jawo zuwa zaurensa ya ajiye wa mutane.

Ina wucewa Inna ta kira ni. "Ɗan nan, wannan abin da Alhaji ya ɗora a rufi, nawa ake sa shi?" Na gaya mata kimanin abin da zai ci, daga faranti zuwa batir da inbata da kuɗin aiki. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, Allah ya ba mu yadda za mu yi."

Abin da ya jawo wannan duhu kowa ya sani. Babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace a hannun maɓarnata, a dajin da ma'aikata ba sa iya shiga gyara sai da rakiyar jami'an tsaro. Sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ya rage yana kawo wuta ta Makurdi da Jos, shi ma ya samu matsala. Igiya biyu aka rataye rayuwar miliyoyin mutane a kai, duka suka tsinke. Kuma duk tsawon kwanakin nan rana tana fitowa kowace safiya tana dukan rufinmu, ƙarfinta bai ragu da komai ba.

A duniya, labarin wutar da ake samarwa daga ruwa da iska da rana labari ne mai daɗin ji. Alƙaluman cibiyar Ember, wadda ke bibiyar harkar lantarki, sun nuna cewa a shekarar 2023 waɗannan hanyoyi sun samar da kashi 30 cikin 100 na wutar duniya, karo na farko a tarihi. A watanni shida na farkon 2025 kuwa har sun zarce kwal, wanda ya shafe shekaru aru-aru yana sarauta. Mafi yawan wannan ƙaruwa daga rana da iska take, domin wutar madatsun ruwa ta daɗe kusan inda take. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuɗi ne. Tsakanin 2010 da 2023 kuɗin samar da wuta a manyan tashoshin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda ƙasar Sin, wadda ke ƙera fiye da kashi 80 na farantan duniya, ta cika kasuwa har ta batse. Ana ta taruka a kan sauyin yanayi, amma mai shago a Kantin Kwari da ya sa sola bai halarci ko ɗaya ba. Lissafin man janareta ya yi, ya ga ba za ta fisshe shi ba.

Mu ma guguwar ta iso mu, sai dai ta bayan gida ta shigo. In ka duba babban layin wuta na ƙasa, kusan babu abin da ya sauya. Iskar gas ce ke ba da kusan kashi uku cikin huɗu na wutar Najeriya, sauran kuma daga madatsun ruwa: Kainji da aka kammala a 1968, Jebba, Shiroro, sai Zungeru mai megawat 700 da ta shigo baya-bayan nan. Abin da ake rabawa ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 yakan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Rabon sola a cikin wannan bai taka kara ya karya ba. Tashar megawat 10 ta Kumbotso, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023, ita ake nunawa a matsayin babba a kan layin. A 2016 gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 za su gina tashoshin sola na fiye da megawat 1,000, yawancinsu a jihohin Arewa. Taƙaddama a kan farashi da lamunin biyan kuɗi ta cinye shirin, shekaru suka yi ta wucewa ba a ga wutar ba.

Amma ɗaga kai ka dubi rufin gidaje. A shekara guda da ta ƙare a Yunin 2025, farantan da aka shigo da su Najeriya daga Sin sun kai na kimanin megawat 1,700, wanda ya sa ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Gaskiya ne megawat ɗin faranti ba ɗaya yake da na injin gas ba, domin faranti da rana kawai yake aiki. Duk da haka adadin ba na wasa ba ne. Mutane da aljihunsu suna gina wa kansu tashar wutar da hukuma ta kasa gina musu, gida-gida, shago-shago. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, janareta ya zama kayan gabas. Da aka zo Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta sa'o'i masu yawa a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sai masu otal da asibitoci da ƙananan masana'antu su ma suka kama hanya. Har fadar shugaban ƙasa aka ware wa naira biliyan 10 a 2025 domin a sa mata sola.

Ina murna da kowane faranti da aka ɗora. Hayaƙi ya ragu, ƙarar janareta ta ragu, kuɗin mai ya koma cefane. Abin da ke damuna shi ne yadda ake rabuwa. Wanda ke da hali yana ficewa daga layin gwamnati, kuma shi ne dama mai biyan babban bil. Idan manyan masu biya suka tafi, kuɗin gyaran taransifoma da turaku da albashin ma'aikata ba ya raguwa, sai dai a raba shi a kan waɗanda suka rage, su ne kuma marasa ƙarfi. Kamfanin raba wuta da kuɗin shigarsa ya ragu ba zai inganta layi ba, wutar za ta ƙara lalacewa, wasu masu halin su ƙara ficewa. Pakistan ta riga mu shiga wannan hali. A 2024 kaɗai ta shigo da farantan da suka kai kusan megawat 17,000, buƙatar wutar layi ta ragu, bashin tashoshin da aka gina yana nan daram, nauyin kuma ya fi sauka a kan wanda ba shi da kuɗin sayen faranti. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai wata asara da ba a sa ta cikin lissafi, wato ta murya. A da in taransifomar unguwa ta ƙone, Alhajin da ke bene shi ne kan gaba wajen buga waya, shi ya san wanda zai kira a ji maganarsa. Yau bai ma san an ɗauke wuta ba sai ya ga duhu a gidan maƙwabta. Ba laifinsa ba ne, kowa ya samu mafita zai bi. Amma idan ɗan majalisa da kwamishina da babban ɗan kasuwa duk sun daina jin zafin rashin wuta a jikinsu, wa zai tsaya wa Inna?

Shi ya sa nake ganin maganar ƙaruwar kason makamashi mai sabuntuwa, wato wutar ruwa da iska da rana, a wajenmu, ba za ta tsaya a kan adadi ba. Sai an tambaya hannun wa wutar take shiga. Kimanin mutum miliyan 85 ne Bankin Duniya ya ƙiyasta ba su da lantarki a Najeriya, kuma ba sai an faɗa ba, ƙauyukan Arewa ne suka fi yawa a ciki. Ga shi kuma yankin da ya fi ko'ina zafin rana a ƙasar shi ne ya fi nisa da rijiyoyin gas da tashoshin da ke ƙona shi. Wutar da ake samarwa a Kudu sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan turaku kafin ta iso Kano ko Maiduguri ko Sakkwato, ta ratsa dazuzzukan da muka san halin da suke ciki. Maiduguri ta ɗanɗana wannan tun 2021, lokacin da aka fasa turakun layin Damaturu birnin ya daɗe cikin duhu. Wutar da aka samar a gefen gari, ta shiga gari kai tsaye, ba ta da wannan rauni.

'Yan'uwanmu na Nijar sun koyi darasin ta hanya mai ɗaci. Kafin tsakiyar 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka katse layin a cikin takunkumin ECOWAS, Yamai da sauran garuruwa suka shiga rabon wuta na sa'o'i. Abin da ya ɗan rage musu raɗaɗi shi ne tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a gefen Yamai, wadda ta fara aiki a 2023, ƙari a kan ta Malbaza mai megawat 7 da ke aiki tun 2018. An dawo da wutar a Maris ɗin 2024, amma wanda ya taɓa ganin an kashe masa fitila daga wata ƙasa ba zai sake kallon faranti a matsayin kayan ado ba. Madatsar Kandadji da suke sa rai da ita har yanzu ba a kammala ba, kamar yadda tamu Mambilla, mai megawat 3,050 a takarda, ta shafe shekaru gommai tana yawo tsakanin kwangila da shari'a.

Masu shakka suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Rana tana faɗuwa. Lokacin da aka fi buƙatar wuta a gidajenmu, daga magariba zuwa sha ɗayan dare, faranti ba ya ba da komai, sai batir, kuma batir shi ne tsadar sola. Ƙurar hunturu tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, in ba a wanke ba sai ka ga batir bai cika ba har la'asar. Zafin Afrilu ma, wanda mutane ke zaton shi ne abincin faranti, rage masa kuzari yake yi, domin haske yake ci, zafi kuwa gajiyar da shi yake. Masaƙa ko kamfanin narka ƙarfe da ke aiki dare da rana ba zai rayu da sola kaɗai ba a yanzu. Don haka ni ba na cikin masu cewa a bar gas. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, muna buƙatarsa, kuma a gaggauta. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a haɗa: rana ta ɗauki nauyin yini, a adana ruwan madatsa da gas domin dare. Madatsa ita kanta wani babban batir ce. Duk ruwan da ba a saki da rana ba a Shiroro ko Tiga ko Dadin Kowa, yana nan yana jiran magariba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi a wajena, ita ce ta riƙo. Mun iya buɗe aiki, kula da shi ne ke ba mu wuya. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, an faro maganarta tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta sha jinkiri iri-iri, har da sace injiniyan Bafaranshe da ke aikin a 2012. Fitilun sola na kan titi da ake rabawa da sunan aikin mazaɓa kuwa, kowa ya ga yadda suke ƙarewa: wata shida suna ci, batir ya mutu ko a sace shi, sandar ta tsaya ba mai waiwayarta. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka sola ba ta da ƙarko, alhali rashin mai ita ne ya kashe ta. Ni kaina na sha wannan a gida. Batir biyu na saya a wani shago, an rantse mini sababbi ne, kafin damina ta wuce sun daina riƙe caji. Da mai gyara ya duba ya ce tsofaffi ne aka wanke aka sake musu takarda. Ni na iya jurewa na sake saye. Da Inna ce ta tara kuɗin shekara guda aka yi mata haka, da ta gama da sola har abada, ta kuma gargaɗi duk wanda ya tambaye ta.

Matattun batiran nan ma abin tsoro ne. Yawancin masu arha na dalma ne, kuma ana fasa su a bayan kasuwa a narka ba tare da wata kariya ba, yara na wasa a gefe. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu sanadin haƙar zinare, bai kamata mu jira a sake gaya mana ba.

To ina mafita? A ganina tana wajen mayar da sola abin tarayya, kuma mun riga mun ga samfurinta. Jami'ar Bayero ta samu tasha mai megawat 7.1 a 2019 ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. A kasuwar Sabon Gari an gwada ba shaguna wutar sola da mita, ɗan kasuwa ya biya gwargwadon abin da ya sha, ba tare da ya sayi faranti ko batir ba. Wannan tsarin shi ne ya dace da talaka, domin matsalarsa ba biyan kuɗin wuta ba ce. Mai walda da tela da mai niƙa suna biyan kuɗin da ya fi na kowa tsada a man janareta kullum. Abin da ba su da shi shi ne dunƙulallen kuɗin da za su ajiye rana ɗaya. A sa ƙaramar tasha a unguwa ko a rukunin masu sana'a, mai ita ya zama ɗan kasuwa ne da cin abincinsa ya dogara ga wutar ta ci gaba da zuwa, shi zai wanke faranti, shi zai canza batir, shi zai sa mai gadi.

A wajen noman rani abin ya fi fitowa fili. Manomi a Kadawa ko fadamun Haɗeja da ke ban ruwa da injin fetur, kaso mai yawa na ribarsa a jarka yake ƙarewa. Ban ruwa aikin rana ne, ba ya buƙatar batir ko ɗaya: faranti, famfo, tiyo, shi ke nan. Na tsaya a wata gonar tumatir na ga ruwa na bulbulowa cikin kwari ba ƙara ba hayaƙi, manomin ya jingina farantansa a kan itace yana juya su da hannu yadda rana ta juya. Ya ce da ni, "Yallaɓai, da can in na farka tunanin mai nake fara yi. Yanzu sama kawai nake dubawa." Idan akwai inda bashin gwamnati ko na banki zai dawo da kansa cikin kaka biyu ko uku, nan ne.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 da Dokar Lantarki da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar da za ta kula da kasuwarta. Uzurin cewa komai sai Abuja ya ƙare. Akwai kuma dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disambar 2023 domin ƙananan tashoshi da sola ta gida, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Kuɗin nan ba rabon gado ba ne da za a kawo wa kowa gida. Jihar da ta tanadi fili, ta fitar da ƙa'ida bayyananniya, ta tabbatar wa mai zuba jari ba za a sauya masa magana ba in gwamna ya sauka, ita za ta kwasa. Ina so in ga gwamnonin Arewa suna gasa a kan wannan kamar yadda suke gasar gadar sama.

Abu ɗaya da nake roƙon kada a yi shi ne rufe ƙofar shigo da faranti. A 2025 an ji wani minista yana maganar hana shigo da su domin a ƙarfafa masu haɗawa a gida. Niyyar tana da kyau, ni ma ina son ganin masana'antar faranti a Sharaɗa ko Kakuri. Amma abin da ake haɗawa a gida yanzu bai kusa isar buƙata ba, kuma sassansa ma daga waje suke zuwa. In aka hana yau, farashi ne zai tashi, mai hali ya saya duk da haka, wanda ke tara kuɗi a asusu ya ƙara nisa da abin da yake nema. Ƙarfin da za a sa wajen hanawa gara a sa shi a tashar jiragen ruwa da kasuwanni wajen kama jabun faranti da wankakken batir, a kuma koya wa matasa aikin haɗawa yadda ya kamata, domin haɗin banza ya ƙone gidaje ba ɗaya ba.

Inna tana nan. Bayan wancan duhun ta shiga adashi da matan layin, kwasarta za ta zo bayan Babbar Sallah. Mun zauna da wani yaro mai haɗa sola mun yi lissafi a bayan kwali: kuɗin zai sayi faranti da ƙaramar inbata, ba zai kai ga batir ba. Yaron ya ce ba komai, firizar za ta yi aiki daga hantsi zuwa la'asar, in ba a yawan buɗe ta sanyin zai kai dare. Inna ta ce ta yarda, za ta riƙa haɗa zoɓon tun asuba, batir kuma sai zagaye na gaba.